Riƙon Amana: Tarihin Tsofaffin Jitocin Martin da Hannayen da Suka Raya Su

Gabatarwa

A watan Yunin shekarar 2020, wani gidan gwanjo mai suna Julien's a jihar Kalifoniya ta Amurka ya sayar da wata tsohuwar jita a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Kamfanin Martin ne ya ƙera ta a shekarar 1959, kuma samfurinta, wato D-18E, yana cikin waɗanda ba su karɓu a kasuwa ba. Guda 302 kacal aka yi aka daina, makaɗa da dama kuma suna ƙorafin cewa ƙarafan lantarkin da aka ɗora wa fuskarta sun danne mata murya. Abin da ya ɗaga kuɗinta shi ne mawaƙi Kurt Cobain ya kaɗa ta a shirin talabijin na MTV Unplugged a watan Nuwamban 1993, ƙasa da watanni biyar kafin rasuwarsa.

Wanda ya ji wannan labari zai iya ɗauka cewa sha'anin tsofaffin jitoci sha'anin attajirai ne da shahararrun mawaƙa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan bai bayyana yadda akwatin katako, wanda kaurin fuskarsa bai wuce milimita 3 ba, kuma tsirkiyoyi shida suke ja dare da rana da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, yake iya kai shekaru 80 ko 100 yana fitar da sauti ba. Wannan maƙala ta ɗauki jitocin Martin marasa lantarki a matsayin misali, domin su ne ginshiƙin kasuwar tsofaffin jitocin katako. Za ta bi sawunsu daga Jamus zuwa Amurka, ta duba dalilin da ya sa waɗanda aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu suka yi fice, sannan ta nuna cewa duk jitar da ta tsufa da muryarta ta kai haka ne saboda ta samu mai kaɗa ta da mai gyara ta. Wanda ya biya kuɗinta ɗan riƙo ne na wani lokaci, kuma tarihi yana da abin faɗa game da yadda ake wannan riƙo.

Daga Saksoni zuwa Nazareth

An haifi Christian Frederick Martin a shekarar 1796 a garin Markneukirchen da ke yankin Saksoni na ƙasar Jamus, garin da ya yi suna wajen yin kayan kiɗa. Mahaifinsa kafinta ne, yana kuma taɓa yin jita. A wancan zamani kowace sana'a tana da ƙungiyarta, kuma ba a yarda ɗan wata ƙungiya ya shiga gonar wata ba. Masu yin gogen Turawa sun yi ta kai ƙara gaban hukuma suna neman a hana kafintoci yin jita, suna cewa kayan kiɗa huruminsu ne. Hukuma ta bai wa kafintoci gaskiya, amma Martin ya riga ya gaji da zaman doya da manja. A shekarar 1833 ya kwashe iyalinsa zuwa birnin New York, ya buɗe shago a lamba 196 a titin Hudson. A 1839 ya koma Nazareth, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania da Jamusawa suka yawaita a cikinsa. Har yau kamfanin yana can, kuma yana hannun zuriyarsa.

Jitar wancan lokaci ƙarama ce, tsirkiyarta ta hanjin tumaki ce, kuma a cikin falo ake kaɗa ta ga iyali da baƙi. Domin a fahimci abin da Martin ya kawo, sai an san yadda jita ke magana. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙara. Tana aika girgizarta ne ta cikin ɗan katakon da take hawa kansa, wanda makaɗan goge ke kira jaki, zuwa ga fuskar jitar, wato siririn allon gaba mai rami a tsakiya. Wannan allo ne ke kaɗa iska har kunne ya ji. Idan ya yi kauri sauti ya mutu, idan kuma ya yi siranta da yawa tsirkiyoyi su tanƙwara shi. Saboda haka ake manna masa ƙananan sanduna ta ciki, kamar yadda magini ke jera azara don ta ɗauki nauyin rufin soro. A ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya daidaita tsarin jera sandunan a baje kamar mafici, kuma a kansa jitar Sifen take tafiya har yau. Shi kuwa Martin, tun a shekarun 1840 ya rungumi tsarin gicciya manyan sanduna biyu a ƙasan ramin, su yi siffar harafin X. Tsirkiyar hanji ba ta da jan da zai buƙaci irin wannan ƙarfi. Sai bayan kusan shekaru 80, Martin ya daɗe da rasuwa tun 1873, amfanin tsarin ya fito fili.

Tsirkiyar Ƙarfe da Shekarun Ganiya

A farkon ƙarni na 20 kiɗa ya fita daga falo ya shiga dandali da gidajen rediyo, sai jita ta tarar da kanta a tsakanin kayan kiɗan da suka fi ta amo. Babbar kishiyarta ita ce banjo, wadda asalinta ke komawa ga kayan kiɗan Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo, waɗanda bayi suka tsallaka teku da iliminsu. Mafita ita ce tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi ta hanji ƙara, amma janta ya kusa ninka na hanji. Yayin kiɗan tsibirin Hawai, wanda ya bazu bayan baje kolin San Francisco na 1915, ya ƙara wa tsirkiyar ƙarfe farin jini. A 1922 Martin ya sa jita mai tsirkiyar ƙarfe a jerin kayan da yake sayarwa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 yawancin jitocinsa sun koma haka. A nan ne tsarin X ya yi ranarsa, domin ya iya ɗaukar sabon nauyin ba tare da ya shaƙe fuskar jitar ba.

Sauye-sauye biyu suka biyo baya. A 1929 wani makaɗin banjo mai suna Perry Bechtel ya nemi a yi masa jita mai dogon wuya, yadda layukan ƙarfe 14 na kan wuyan za su fito sarari kafin ya haɗu da jiki, maimakon 12 da aka saba. Na biyu shi ne girman jiki. Tun 1916 Martin yake yi wa kamfanin Oliver Ditson wata ƙatuwar jita mai faɗin ƙugu, wadda aka raɗa wa suna Dreadnought, sunan babban jirgin ruwan yaƙin Ingila na 1906. A 1931 ya fara fitar da ita da sunansa, a 1934 kuma ya haɗa mata dogon wuya. Daga nan aka samu D-18 da D-28, waɗanda siffarsu ce mutum ke gani a yau a kusan kowane shagon kayan kiɗa a duniya. A 1933 mawaƙin finafinan kaboyi Gene Autry ya ba da odar wata mai adon ƙwaryar kifin teku, aka sa mata lamba D-45. Guda 91 kaɗai aka yi daga wannan shekara zuwa 1942, lokacin da yaƙi ya sa aka dakatar da ita.

Ruwa ba ya tsami banza. Jitocin waɗannan shekaru sun haɗa abubuwan da ba su sake haɗuwa ba. Fuskarsu ta itacen sufurus ce na duwatsun Adirondack, itace marar nauyi mai tauri. Bayansu da gefensu ko dai na mahogani ne, wanda ya haɗa dangi da maɗaci, ko kuma na itacen rozwud na ƙasar Brazil. Allon da yatsu ke takawa a kan wuyan D-28 na baƙin eboni ne, ɗan'uwan kanya. Da gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba ake haɗa su, kuma ma'aikata kan sassaƙe tsakiyar sandunan ciki su rage musu nauyi domin fuskar ta samu damar motsi. A tsakiyar shekarun 1930 ana sayar da D-28 a kan dala 100, kuɗi mai yawa a lokacin da karayar tattalin arziki ta 1929 ta bar miliyoyin Amurkawa ba aikin yi. Saboda haka kaɗan aka yi.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa. A ƙarshen shekarun 1930 an matsar da gicciyen X baya kaɗan don ƙarin ƙarfi. A lokacin yaƙi ƙarfe ya yi wuya, aka maye gurbin sandar ƙarfen da ke cikin wuya da eboni. A 1944 aka daina sassaƙe sandunan ciki, domin makaɗa suna ɗaura tsirkiyoyi masu kauri suna dawo da jitoci da kumburarriyar fuska a gyara musu. A tsakiyar shekarun 1940 itacen Adirondack mai kyau ya yi ƙaranci, aka koma ga sufurus na Sitka daga gaɓar yammacin nahiyar. A 1947 adon gefe mai kama da ƙayar kifi, wanda daga Jamus ake samo shi, ya ƙare aka daina sa shi.

Yadda Tsohuwa ta Fi Sabuwa Tsada

Har zuwa shekarun 1950 tsohuwar jita kayan gwanjo ce kawai, a shagunan jingina ake tsintar ta da araha. Abin da ya sauya wannan shi ne yayin waƙoƙin gargajiyar Amurka da ya taso a ƙarshen shekarun 1950, inda matasa suka yi ca a kan jita marar lantarki har kamfanin ya kasa biyan buƙata. A 1964 Martin ya koma sabuwar masana'anta a titin Sycamore, kuma a wannan tsakani ya bar gam ɗin fata ya koma na zamani. A 1969 ya bar rozwud na Brazil ya koma na Indiya, bayan Brazil ta hana fitar da gungumen itacen. A 1971 ya ƙera jita sama da 22,000 a shekara guda.

Makaɗa, musamman masu kiɗan bulugiras na yankin kudu maso gabashin Amurka, su ne suka fara lura cewa sababbin ba sa amsawa kamar na da. Da kunne suka gano haka, tun kafin dillalai su san sunan kowace sanda. Suka shiga bin shagunan jingina da gidajen tsofaffi suna neman na kafin yaƙi. A 1970 George Gruhn ya buɗe shago a birnin Nashville, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda suka mayar da sanin tsofaffin jitoci ilimi mai ƙa'ida, inda ake duba lambar jita da itacenta da aikin cikinta kafin a yanke mata kuɗi. Kamfanin da kansa ya amsa cewa da tsohuwar zuma ake magani, domin a 1976 ya fitar da HD-28, wadda ya dawo mata da sassaƙaƙƙun sanduna da adon ƙayar kifi.

Kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1980, lokacin da kayan kiɗan lantarki suka mamaye ko'ina, har ta kai a 1982 Martin ya ƙera jita 3,000 da 'yan kai kawai. Farfaɗowarta ta samu taimakon shirin MTV Unplugged. A watan Janairun 1992 Eric Clapton ya zauna a kujera da wata Martin 000-42 ta 1939, miliyoyin mutane suka ga abin da ƙaramar tsohuwar jita ke iya yi. A 2004 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ita a kan dala 791,500. A 2019 gidan ya sayar da D-35 ta David Gilmour a kan fiye da dala miliyan 1.

Akwai dalilai na zahiri da ke sa tsohuwar jita ta bambanta. Itace yana sauyawa da shekaru, wasu sinadaran cikinsa suna raguwa, ya rage nauyi, ya kuma rage shan danshi. Kamfanonin yau har gasa itace suke yi a murhu marar iska don su kwaikwayi wannan tsufa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: jitar da ba ta da daɗin murya ba a kashe kuɗi a gyara ta, sai ta lalace ta ɓace, masu daɗin ne ake lallaɓawa su kai ga jikoki. Ga kuma doka. A 1992 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa rozwud na Brazil a rukuninta na farko, wato mafi tsanani. Mai tsohuwar jita ta wannan itace yana buƙatar takardar izini kafin ya tsallaka iyaka da ita. Wanda ya ga yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi a dazuzzukan Taraba don kai wa ƙasar Sin, har ita ma ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar a 2017, ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda kwaɗayin katako mai kyau ke cinye daji.

Abin da Tsohuwar Jita ke Nema Wurin Mai Ita

Babban abokin gabar jita shi ne sauyin danshin iska. Itace ko ya shekara 100 da sarewa yana kumbura idan iska ta yi laima, yana kuma tsukewa idan ta bushe. Martin yana riƙe danshin masana'antarsa tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma a wannan yanayi ne jitar ta fi samun lafiya. A arewacin Amurka na'urorin ɗumama ɗaki ne ke busar da iska a lokacin sanyi. Mutumin Kano ko Damagaram ya san irin wannan bushewa a hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙyauren katako kuma ya saki. Abin da ke samun ƙyaure shi ke samun jita: fuskarta ta lotsa, bakin layukan ƙarfe ya fito yana yankar yatsu, daga ƙarshe allon ya tsage. Rigakafin ba shi da tsada. Ana ajiye jita a cikin akwatinta tare da ɗan soso mai danshi a cikin mazubi mai huji, da kuma ƙaramin ma'aunin danshi. Laima mai yawa ita ma illa ce, domin tana kumbura fuska tana sassauta gam.

Zafi ne na biyu. Jitar da aka bari a cikin mota a rana tana iya sakin jakinta ko sandunan cikinta cikin 'yan sa'o'i. Fentin ƙyalli na da, wanda ake yi da sinadarin naitiroselulos, yana tsattsagewa idan aka fito da jita daga sanyi zuwa ɗumi farat ɗaya, shi ya sa ake barin ta a akwati ta huce kafin a buɗe. Roba da leda suna narkar da shi idan suka daɗe a jikinsa. Tsumma mai laushi ya wadatar wajen goge gumi bayan an gama kiɗa. Jitocin farkon shekarun 1920 da waɗanda suka gabace su, waɗanda aka yi don tsirkiyar hanji, ba a ɗaura musu ƙarfe mai nauyi.

Akwai kuma ciwon da babu makawa sai ya zo. Shekara da shekaru na jan tsirkiya suna karkato wuya gaba, tsirkiyoyi su yi nisa da allon yatsu har kiɗa ya zama wahala. A nan ne hikimar mutanen da ke bayyana. Wuyan Martin a cikin gurbi yake zaune, kuma gam ɗin fata yana saki idan ya ji zafi da tururi. Gwanin gyara yana hura tururi cikin gurbin, ya zare wuyan, ya feƙe gindinsa kaɗan, ya mayar da shi a kan daidai. Yadda aka ƙera waɗannan jitoci ya bar wa mai gyara ƙofa. Shi ya sa ƙa'idar masu gyara ta yau ita ce kada a yi abin da na baya ba zai iya warwarewa ba. Wanda ya kankare tsohon fenti ya fesa sabo don jita ta yi ƙyalli yakan zubar da kusan rabin darajarta a idon dillalai, wanda kuma ya cika tsaga da gam mai ƙarfi irin na zamani ya ɗaure hannun duk mai gyaran da zai zo bayansa.

Jitoci Biyu da Suka Sha Wuya

A cikin masu kiɗan bulugiras babu jitar da ta kai D-28 mai lamba 58957 suna. An ƙera ta a 1935. Sa'ad da ta shigo hannun matashi Clarence White a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950, ta riga ta jigata, har an faɗaɗa ramin fuskarta. Daga baya aka sa mata allon yatsu na wani kamfani daban. Idan da ma'aunin dillalai za a bi, wannan jita ta gama yawo. Amma White, wanda ya nuna cewa jita na iya jan ragamar kiɗan bulugiras maimakon ta tsaya a baya tana riƙe kari, ya yi aiki da ita. Bayan rasuwarsa a 1973, Tony Rice, wanda ya san jitar tun yana yaro, ya bi sawunta ya saye ta a 1975 a kan dala 550. A 1993 ambaliya ta shiga gidansa a Crystal River ta jihar Florida, jitar ta jiƙe sharkaf. Masu gyara suka busar da ita sannu a hankali, domin gaggawa za ta farfasa itacen, suka maido ta bakin aiki. Rice ya ci gaba da kaɗa ta shekaru da dama bayan haka, kafin ya rasu a watan Disamban 2020. Kamfanoni sun yi ta kwaikwayon ta har da faɗaɗaɗɗen ramin, wato abin da a da ake gani aibi ne.

Ta biyu ita ce ta mawaƙi Willie Nelson. A 1969 wani mashayi ya taka masa jitarsa ta kamfanin Baldwin a wurin wasa. Ya aika ta Nashville wurin mai gyara Shot Jackson, wanda ya ce ba ta gyaruwa, ya kuma yi masa tayin sabuwar Martin N-20 mai tsirkiyar nailan a kan dala 750. Nelson ya saya, ya sa aka ɗauko na'urar ɗaukar sautin tsohuwar aka dasa a sabuwar, ya raɗa mata suna Trigger, sunan dokin ɗan wasan kaboyi Roy Rogers. An yi N-20 ne don a kaɗa ta da yatsu, shi ya sa ba ta da farantin kariya a fuska. Nelson kuwa da ɗan tsinken kiɗa yake bugun ta, har ya huda mata rami na biyu kusa da jaki. Fiye da mutum 100 sun sa hannu a jikinta, na farko shi ne mawaƙi Leon Russell. Lokacin da gobara ta kama gidansa a Ridgetop ta jihar Tennessee, ya kutsa ciki ya fito da ita. A 1990, da hukumar harajin Amurka ta ƙwace kadarorinsa kan bashin haraji, 'yarsa ta ɗauke jitar aka ɓoye ta har ƙura ta lafa. Shekara da shekaru Mark Erlewine, wani mai gyara a birnin Austin, shi ke duba ta, yana ƙarfafa fuskar ta ciki da ƙananan katakai, yana tsabtace ta, ba ya kuma toshe ramin. Nelson ya sha faɗa cewa ranar da Trigger ta gaza, shi ma ya ajiye kiɗa.

Tsakanin Taska da Dandali

Ba za a yi adalci ba idan aka ce masu ajiye jitoci a taska ba su da hujja. Kowane kiɗa yana cin wani abu daga jikin jita, kuma hatsari ba ya sallama. A lokacin ɗaukar fim ɗin The Hateful Eight na Quentin Tarantino, wanda ya fito a 2015, gidan tarihin Martin ya ba da aron wata jita ta shekarun 1870. An tanadi kwafinta da za a fasa a wurin da labari ya buƙaci haka, amma ba a musanya ba, ɗan wasa Kurt Russell ya maka ta asalin da ginshiƙi bai sani ba. Ta farfashe yadda ba ta gyaruwa, gidan tarihin kuma ya sanar cewa ya daina bai wa masu fim aro. Jitar da ta tsallake shekaru kusan 140 ta tafi cikin daƙiƙa guda. Akwai jitocin da suka cancanci gilashi da makulli, musamman waɗanda su kaɗai suka rage a irinsu, domin daga gare su ne masu ƙira na gaba za su auna su koya.

Amma abin lura a wannan hatsari shi ne, jitar ta halaka ne a hannun wanda bai san abin da yake riƙe da shi ba. Mai 58957 da mai Trigger sun san abin da ke hannunsu, sun yi aiki da shi har ya ji jiki, suka kuma nemo masu gyara suka damƙa musu. Hatsarin da ke tattare da tsadar yau shi ne tana raba jita da irin waɗannan mutane. Matashi kamar Clarence White ba zai iya sayen D-28 ta 1935 a yau ba, alhali irinsa ne suka sa duniya ta san darajarta. Idan dukan jitocin kafin yaƙi suka koma kadarar da ake jira ta yi tsada, za a wayi gari ana sayen suna, babu kunnen da zai shaida abin da ya jawo sunan.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi jitar Martin daga rigimar ƙungiyoyin sana'a a Saksoni zuwa ɗakunan gwanjo na wannan ƙarni. An ga cewa fifikon jitocin shekarun 1930 ya samo asali ne daga haɗuwar itace da gam da aikin hannu a wani ɗan lokaci, kuma yaƙi da ƙarancin itace da buƙatar kasuwa suka wargaza wannan haɗuwa. An ga cewa makaɗa ne suka gano darajarsu, masu gyara kuma suka tsawaita kwanansu. Dazuzzukan da suka ba da wancan rozwud sun ƙare ko suna ƙarƙashin kariyar doka, kuma D-45 ta kafin yaƙi ba za ta taɓa wuce 91 ba, sai dai ta ragu. Saboda haka duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan jitoci ta faɗo hannunsa, haƙƙinta a kansa sananne ne: ya kiyaye ta daga bushewa da zafi, ya kai ta wurin gwani idan ta yi ciwo, ya guji gyaran da ba ya warwaruwa, ya kuma kaɗa ta ko ya bai wa mai iya kaɗawa. Wasu sun riƙe ta kafin shi, kuma idan ya sauke nauyin da ke kansa, wani zai karɓa bayansa ya same ta da muryarta.